Bindigar Farauta A Arewacin Kamaru: Wace Ƙira Ce Ta Cancanci Kuɗinta?

Da zarar damina ta wuce, ciyawa ta bushe, aka shiga watan Disamba, filin jirgin sama na Garwa kan fara karɓar wasu baƙi da ba a cika ganin irinsu a sauran watanni ba. Maharba ne daga Faransa da Sipaniya da Jamus da Amurka, kowannensu yana janye da dogon akwati mai kwaɗo, wanda jami'an tsaro ba sa bari ya wuce sai sun buɗe shi, sun gwada lambar da ke jikin ƙarfen da wadda ke rubuce a takardar izini. Daga nan sai motoci su kwashe su zuwa sansanonin farauta da ke kewaye da gandun dajin Binuwai da na Faro da na Buba Njida, inda za su shafe mako biyu ko fiye suna bin sawun namun daji.

To amma ba baƙin ne kaɗai ke da ruwa da abin da ke cikin akwatunan nan ba. Akwai jagoran farauta, wanda tasa bindigar ce za ta tsayar da ɓauna idan harbin baƙo bai yi kyau ba. Akwai mabiya sawu, 'ya'yan ƙauyukan yankin, waɗanda ke tafiya a gaba hannu rabbana, rayuwarsu tana rataye a kan ƙarfen da ke hannun wanda ke bayansu. Akwai masu gadin daji, sannan akwai manomi ko ɗan kasuwa mai lasisi wanda ya tara kuɗi shekara da shekaru don ya mallaki tasa. Dukkansu tambaya ɗaya ce ke gabansu: a cikin kamfanonin duniya masu ƙera bindiga, kayan wa ya fi ƙarko, kuma na wa ne ya yi daidai da kuɗin da ake biya?

Domin amsa wannan tambaya, mun ga ya dace mu warware bindigar gaɓa-gaɓa, mu ɗauki bututu da sakata da kunama da ƙota da madubin saiti, mu duba yadda kamfanoni daban-daban suke yin kowanne. Dalili kuwa shi ne, sunan da aka zana a jikin bindiga ba ya gaya wa mai saye komai game da inda kamfanin ya kashe kuɗi da inda ya yi tsimi, alhali a wurin tsimin nan ne hatsari yake ɓuya.

Dajin da za a shiga

Kafin a yi maganar ƙarfe, sai an san wurin da zai yi aiki. Yankin Arewa na Kamaru, wanda Garwa ce hedikwatarsa, yana da manyan gandun daji na ƙasa guda uku: Binuwai mai faɗin hekta 180,000, da Buba Njida mai hekta 220,000, waɗanda aka ba su wannan matsayi a 1968, sai Faro mai hekta 330,000 da ya biyo baya a 1980. A cikin gandun an haramta farauta, amma a kewayensu akwai yankuna fiye da 20 da gwamnati ke bayarwa haya ga masu sana'ar jagorancin farauta, kuma wani kaso na kuɗin hayar yana zuwa ga ƙananan hukumomi da ƙauyukan da ke maƙwabtaka. A Garwa ɗin ne kuma aka kafa makarantar horar da jami'an kula da namun daji tun 1970, wadda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen Afirka da dama, musamman masu amfani da Faransanci.

Abin da ya fi jawo baƙi shi ne ƙaton naman nan da Turawa ke kira eland na Derby, wanda namijinsa kan kai kilo 900, sai ɓauna da gwanki da kanki da mariya. Neman eland aiki ne na ƙafa, ana iya wuni ana bin sawu a cikin ƙonanniyar ciyawa, toka da ƙurar hunturu suna shiga kowace kafa ta bindiga. A watan Maris da Afrilu kuma zafin Garwa kan haura digiri 40, har ƙarfe ya gagari taɓawa. Duk bindigar da aka yaba a dazuzzukan Turai masu sanyi da laima, a nan sai ta sake zama jarrabawa.

Bututu: hatimin da ya fi suna daraja

Abin da ya bambanta bindigar harsashi ɗaya tilo da ta ƙwarya-ƙwaryan dalma shi ne wasu siraran tsaga da aka murɗa a cikin bututunta, waɗanda ke sa harsashi ya fita yana juyi kamar katantanwa, ya tafi sak. A cikin wannan bututu ne albarushi ke kamawa, kuma ƙarfin da ke tasowa ba na wasa ba ne. Harsashin .375 na kamfanin Holland & Holland, wanda aka fito da shi a Landan a 1912, kuma har yau shi ne ya fi farin jini wajen manyan namun Afirka, an yarda matsin iskarsa ya kai ma'aunin bar 4,300. Mai karatu ya tuna cewa tayar ƙaramar mota bar 2 ne da 'yan kai. Wannan matsi ne ke tura harsashi mai nauyin giram 19 da ɗoriya ya fita da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa ɗaya, duka a tazarar taƙi guda daga fuskar maharbi.

Saboda haka ne ƙasashen Turai suka daɗe da kafa gidajen gwajin bindiga. Na Birmingham a Ingila tun 1813 yake aiki, akwai na Liège a Beljiyam, da na Saint-Étienne a Faransa, da na Ulm a Jamus, da na Gardone a Italiya. A 1914 aka kafa hukumar ƙasa da ƙasa da ake kira CIP domin daidaita ƙa'idojinsu. A ƙasashen da ke cikinta, ba a sayar da bindiga sai an harba ta da harsasai na musamman waɗanda ƙarfinsu ya zarce na yau da kullum da kashi 25 cikin 100, aka duba aka ga ba ta kumbura ko ta tsage ba, sannan a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. Jamhuriyar Cek da Finland da Ostiriya da Sipaniya da Rasha duk suna ciki. Amurka ba ta ciki, tana da ƙungiyar masana'antunta mai suna SAAMI wadda aka kafa a 1926, inda manyan kamfanoni ke gwada kayansu da kansu. Turkiyya ma ba ta ciki.

Ta fuskar ƙira kuwa, kamfanoni irin su CZ na ƙasar Cek, da Sako na Finland, da Steyr na Ostiriya, suna amfani da injin da ke dukan ƙarfe ta kowane gefe har ya ɗauki siffar tsagar, abin da ke ba da bututu mai tauri cikin sauri da sauƙin farashi. Ƙananan maƙera na alfarma kuma sukan yanke tsagar ɗaya bayan ɗaya, aikin da ke cin lokaci da kuɗi. Masu gasar harbin nesa suna iya ganin bambancin, amma a dajin Faro, inda yawancin harbi bai wuce mita 50 zuwa 150 ba, ɓauna ba za ta san wanne aka harbe ta da shi ba. A nan, mun ga cewa wanda ya biya ninki biyar saboda bututu kaɗai ya sayi abin da ba zai mora ba. Abin da ke kashe bututu a ƙasarmu shi ne tsatsa bayan damina, da laka idan an dogara bakin bindiga a ƙasa, da kuma zanzaro da kan gina ɗakinsa a ciki idan an rataye ta babu marufi. Bututun da ya toshe, ko na wane kamfani ne, yana iya fashewa.

Sakata da ƙugiya

Idan akwai gaɓar da ta raba kamfanoni gida biyu, to sakata ce, wato ƙarfen nan mai hannu da ake ɗagawa a ja baya a fitar da kwanso, a tura gaba a ɗora sabon harsashi. Sunan Mauser ba baƙo ba ne a wannan yanki, domin da bindigogin wannan gida da kuma mashinga sojojin Jamus suka ci Garwa a 1901, suka kuma fatattaki rundunar Lamiɗo Zubairu na Adamawa a kusa da Marwa a watan Janairun 1902. Ƙirar da ta fi shahara ita ce wadda Paul Mauser ya kammala a garin Oberndorf a 1898. Sakatarta tana da wata doguwar ƙugiya mai faɗi wadda ke cafke gindin harsashi tun yana fitowa daga ma'ajiyarsa, ba ta saki har sai an harba an jawo kwanson waje. Ko an karkata bindigar, ko ana gudu, ko hannu na rawa, harsashin ba ya kuɓucewa. Tana kuma da haƙora biyu a gaba masu kulle ta, da na uku a baya na ko-ta-kwana.

Ɗaya ɓangaren shi ne sakatar da ke tura harsashi kawai, ba ta kama shi sai ya shige gurbinsa. Fitacciya a wannan layi ita ce Remington 700 ta Amurka, wadda ta fito a 1962, aka kuma sayar da miliyoyinta. Ƙirarta ta fi sauƙi, kuɗinta bai kai ba, kuma wajen saiti ba ta da abin kushewa, shi ya sa sojojin Amurka suka gina wasu bindigoginsu na gwanayen harbi a kanta. Sai dai ƙugiyarta ƙarama ce. Zafin rana yana ƙara wa albarushi ƙarfi, kwanso ya kumbura ya manne, kuma a irin wannan lokaci ne ake gane amfanin babbar ƙugiya. Don harbin mariya ko gada, wannan bambanci bai taka kara ya karya ba. Don ɓaunar da ta ji rauni ta shige duhuwa, harbi na biyu shi ne rai.

Labarin Winchester 70 ya isa darasi. Ta fito a 1936 da ƙugiya irin ta Mauser, maharba suka rungume ta. A 1964 kamfanin ya ga kuɗin ƙira ya yi yawa, sai ya cire babbar ƙugiyar, ya rage aikin hannu, amma ya bar sunan yadda yake. Nan da nan kasuwa ta raba su, har yau tsohuwar da aka yi kafin 1964 takan fi wadda ta biyo bayanta tsada. Sai a farkon shekarun 1990 aka maido da tsohuwar ƙirar. Masana'antar New Haven ta rufe a 2006, aka koma yin ta a wata masana'antar kamfanin FN a Amurka, daga baya kuma haɗa ta ya koma Fotugal. Ke nan wanda aka kawo wa Winchester 70 ta hannu, tambayar farko da zai yi ita ce ta wace shekara ce.

A tsakanin jagororin farauta na Afirka, bindigar da ta yi suna wajen biyan buƙata da kuɗi kaɗan ita ce ta ƙasar Cek, wato Brno ZKK 602 da magajiyarta CZ 550. Tana da ƙugiyar Mauser, tana ɗaukar harsasai biyar na .375 a cikinta, ga ta da nauyin da ke rage dukan kafaɗa. Aibinta shi ne takan zo da kaushi, sai an sha jan sakatar ko makaniki ya goge ta kafin ta yi santsi, kuma ba ta da wani ado. Kamfanin ya daina yin ta, ya fito da CZ 600 a 2021, don haka yanzu a kasuwar 'yar hannu ake nemanta. A can sama kuma akwai Blaser ta Jamus, samfurin R93 na 1993 da R8 na 2008, wadda sakatarta ja da turawa ce kawai babu ɗagawa, ana kuma iya canza mata bututu cikin 'yan mintoci. Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma kuɗin guda ɗaya zai sayi CZ uku ko huɗu, kuma idan wani abu ya karye a cikinta a sansanin da ke bayan Tcholliré, babu mai taɓa ta sai an aika Turai.

Kunama: inda tsimin sisi ya jawo asarar miliyoyi

Kunama ƙaramar aba ce, amma ita ce ke tsakanin bindiga mai hankali da mahaukaciya. A nan ma tarihin Remington ne ya fi ba da haske. Injiniyan da ya zana kunamar da aka sa wa samfurin 700, Mike Walker, tun a ƙarshen shekarun 1940 ya ba da shawarar a yi mata wani ɗan gyara, kuma takardun kamfanin da suka fito daga baya sun nuna cewa gyaran bai wuce santi biyar da rabi na dalar Amurka a kan kowace bindiga ba. Ba a yi ba. Shekaru da dama ana kai ƙara kotu cewa bindigar takan tashi ba tare da an taɓa kunama ba, musamman lokacin da ake buɗe makullin kariya, kamfanin kuma yana musantawa, yana ɗora laifin a kan datti da gyaran da ba na ƙwararru ba. A 2014 ya amince zai canza kunamar miliyoyin bindigogi, ba tare da ya karɓi laifi ba. A wannan shekarar kuma ya janye wata sabuwar kunamar tasa mai suna X-Mark Pro saboda matsalar da aka samu wajen haɗa ta. Kamfanin ya shiga fatarar kuɗi a 2018, ya sake shiga a 2020, aka sayar da shi gunduwa-gunduwa.

Abin lura a gare mu shi ne bambancin kunamar da ke rufe cikin ɗan akwati da wadda take a buɗe. Ta rufe tana da laushin ja, amma ƙura da busasshen mai suna taruwa a ciki inda ido ba ya gani. Ta Mauser da ta tsohuwar Winchester 70 'yan ƙarafa ne biyu ko uku a fili, buroshi kawai ya ishe su. Haka nan makullin kariyarsu yana da matsayi uku, yana riƙe allurar da ke dukan harsashi ita kanta, yana kuma ba da damar a sauke harsasai bindiga tana kulle. Ga wanda ke tafiya da mabiyin sawu taku uku a gabansa, wannan ya fi duk wani zanen zinariya.

Ƙota da madubin saiti

Yawancin kuɗin bindigar alfarma a katako da zane yake tafiya. Bindiga mai baki biyu ta Holland & Holland, wadda ake yi da hannu, ana sassaƙa ƙotarta daga zaɓaɓɓen katakon walnat, takan haura fam 100,000, wato abin da ya kai kimanin sefa miliyan 75. Kamfanin Rigby, mai harsashin .416 na 1911, shi ma a wannan sahu yake, amma mai karatu zai so ya san cewa bindigoginsa masu sakata a kan ƙarfen Mauser ake gina su, kuma tun 2013 Rigby da Mauser da Blaser duk mallakar rukunin kamfani ɗaya ne na Jamus.

Katako kuwa, komai tsadarsa, yana shan laima da damina ya kumbura, ya bushe da hunturu ya tsuke. Idan ya tsuke sai kusoshi su saki, saiti ya kauce, wani lokaci ma ya tsage a bayan sakata saboda dukan manyan harsasai. Shi ya sa ake duba ko an gitta wa ƙotar ƙusoshin ƙarfe a ciki don su tare dukan. Katakon da aka manna falle-falle ya fi jure wa sauyin yanayi. Ƙotar roba ma iri biyu ce: akwai ta zaren gilashi, irin ta kamfanin McMillan, mai tauri da tsada, akwai kuma ta robar zubi mai araha wadda ke lanƙwasa idan ta sha rana a bayan mota.

Madubin saiti shi ne wurin da aka fi cutar masu saye. Zeiss da Schmidt & Bender na Jamus, da Swarovski na Ostiriya, da Leupold na Amurka, an san su da gilashi mai haske da jure duka. To amma jabu sun cika kasuwa, har kamfanin Leupold ya sha fitar da gargaɗi a kan madubai masu ɗauke da sunansa waɗanda ba shi ya yi su ba. Madubin jabu yakan yi kyau a ido, sai bayan harbi goma na .375 abin da ke cikinsa ya girgiɗe, harsashi ya riƙa sauka taƙi biyu daga inda aka nufa. Sakamakon shi ne dabba mai rauni, wadda dole wani ya bi ta. Zoben da ke riƙe madubin ma haka yake. Bindiga mai matsakaicin kuɗi da madubi na ƙwarai ta fi bindigar miliyoyi da madubin bakin titi.

Kalibar 12 da harba-ka-ruga

Duk abin da muka faɗa a sama na masu hali ne. Bindigar da talaka ya sani ita ce kalibar 12 mai santsin ciki, ta harbin zabi da gada da korar birai daga gona. Tun zamanin Faransawa sunan da ya zauna a bakin mutane shi ne Simplex, mai baki ɗaya, ta kamfanin Manufrance na Saint-Étienne, wadda ta fito a 1908, da 'yar'uwarta Robust mai baki biyu ta 1913. Kamfanin ya durƙushe a shekarun 1980, amma bindigoginsa suna nan ana gadonsu. Bayansu sai Baikal ta garin Izhevsk na Rasha, mai nauyi, marar kyan gani, amma mai wuyar lalacewa. A 'yan shekarun nan kuma na Turkiyya sun yi yawa a kasuwannin Afirka, wasu daga manyan masana'antu masu kula da aikinsu, wasu daga ƙananan shaguna, shi ya sa ingancinsu ya sha bamban ƙwarai. Harsasan da aka fi sani a Afirka ta Tsakiya su ne na kamfanin MACC da ke Pointe-Noire a Kwango.

Akwai tarko a nan da ya kamata magada su sani. Gurbin harsashi na kalibar 12 tsawonsa iri-iri ne, akwai milimita 65, akwai 70, akwai 76, kuma ana buga lambar a jikin bututu. Tsofaffin bindigogi da yawa 65 ne, alhali harsasan kasuwa na yau galibi 70 ne. Dogon harsashi yana shiga gajeren gurbi lafiya lau, domin sai an harba bakinsa ke buɗewa, a nan ne matsi ke ƙaruwa a kan ƙarfen da ya riga ya tsufa.

Sai kuma harba-ka-ruga, aikin maƙeranmu na gida. Ba mu raina basirar mutumin da ya ƙera bindiga da guduma da zuga-zugi ba, kuma a hawan sarakuna da bukukuwa tana da gurbinta. Amma bututun famfo don ruwa aka yi shi, babu gidan gwajin da ya taɓa ganinsa, kuma albarushin zamani marar hayaƙi ya fi ƙarfin wanda kakanninmu suka sani nesa ba kusa ba. Kalibar 12 ma, da ake ganin ba ta kai sauran ƙarfi ba, matsinta yana kai wa bar 740. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a wannan fage kuwa takan tafi da yatsu ko ido. Dokar gandun daji ta 1994 ta haramta farauta da irin wannan bindiga, ta kuma haramta farauta da makaman yaƙi da duk bindigar da ke sakin harsashi fiye da ɗaya a ja guda. A watan Yulin 2024 aka yi sabuwar doka da ta maye gurbinta, don haka mai niyyar farauta sai ya nemi ofishin ma'aikatar gandun daji da namun daji ya ji sharuɗɗan da ke aiki yanzu.

Kayan gyara da hukuma

Mutane da yawa suna ɗaukar bindiga kamar babur, wanda idan wani abu ya lalace sai a je kasuwa a sayo na wani a ɗaura. Ba haka abin yake ba. Sakata da bututu ana daidaita su ne da juna tun a masana'anta, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin takarda biyu ba, shi ya sa a tsofaffin Mauser za a ga an buga lamba ɗaya a kan kowace gaɓa. Sakatar wata bindiga tana iya shiga, ta kulle, ta yi kamar lafiya, amma idan tazarar ta yi yawa kwanso zai yage, wuta ta dawo fuska. Bindigar da lambobinta suka saɓa, sai makanikin da ke da ma'auni ya duba ta kafin a harba.

Ta fuskar doka ma sassan bindiga ba kayan tireda ba ne. A 2012, wasu mahaya dawakai ɗauke da Kalashnikov suka tsallako iyaka suka kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida cikin 'yan makonni, har sai da aka tura sojoji. Ga kuma rikicin Boko Haram a Arewa Mai Nisa da masu satar mutane a kan iyakokin Chadi da Afirka ta Tsakiya. Yarjejeniyar Kinshasa, wadda ƙasashen Afirka ta Tsakiya suka sa wa hannu a 2010 ta kuma fara aiki a 2017, ta ambaci sassan da ake ƙera makami ko gyara shi da su ƙarara, kamar yadda ta ambaci makamin da harsashinsa. A cikin gida kuma akwai dokar 14 ga Disamba 2016 a kan makamai da harsasai, wadda ta sa saye da mallaka da shigowa da su duk sai da izinin hukuma. A watan Afrilun 2018 ma'aikatar harkokin cikin gida ta dakatar da sayar da bindigogi da harsasai a yankuna shida, ciki har da Adamawa maƙwabciyarmu. Wanda ya sayi bututu ko sakata a bayan fage ya haɗa wa kansa hatsari biyu, na asibiti da na kurkuku.

Wannan ya sa lissafin daraja a Garwa ya bambanta da na Paris. Tunda kayan gyara sai an bi dogon layi, bindigar da ta fi daraja ita ce wadda ba ta cika buƙatarsu ba, wadda ake iya warware sakatarta da hannu a goge a mayar, wadda kuma harsashinta sananne ne. Harsashin .375 kusan kowane sansani yana da shi, amma baƙon da ya zo da wani sabon samfuri, jakarsa ta harsasai ta ɓata a hanya, sai dai ya yi aron bindiga.

Abin da muka tattaro

Idan aka jera su, na Landan sun fi kowa kyau da riƙe farashi, amma rabin kuɗin na ado ne. Blaser ta fi kowa dabarar zamani, sai dai tana son a kasance kusa da dillalinta. Remington 700 tana da saiti da sauƙin kuɗi, amma tsohuwa sai an binciki kunamarta. Winchester 70 mai babbar ƙugiya, da Brno da CZ 550, su ne suka fi dacewa da ƙura da zafi da nisan wannan yanki idan aka auna da abin da ake biya. A ɓangaren kalibar 12, tsohuwar Simplex ko Baikal mai lafiyayyen bututu ta fi sabuwa mai ƙyalli wadda ba a san inda aka yi ta ba.

Ga duk mai lasisin da zai sayi bindiga, shawararmu ita ce ya fara da neman hatimin gwaji da lambar kalibar a jikin ƙarfe, ya leƙa bututu a haske ya ga ko akwai ramukan tsatsa ko kumburi, ya gwada lambobin sassan da na takarda, ya duba tsaga a ƙota, ya tabbatar makullin kariya yana riƙewa, sannan ya tambayi inda zai samu harsashinta ta hanyar da doka ta yarda. Idan mai sayarwa ya ƙi a yi wannan bincike, ko ya ce takarda za ta biyo baya, sai a bar masa kayansa.